Jimla Biyar

Na iso Tudun Wada da akwatin ƙarfe
da sakamakon sakandare mai kiredit shida,
ina ganin na gama da Turanci tun a Nafada,
tunda ni ke karanta wa Baffa takardar asibiti,
ni ke cike wa maƙwabta fom ɗin taki.

Litinin, bakwai na safe.
Mu ɗari huɗu a ɗakin da aka gina wa ɗari biyu,
wasu a taga, wasu a kan bulo.
Lasifika ta mutu tun bara, in ji 'yan aji biyu.
Malama Saraya Lamela ta shigo da gorar ruwa,
jan biro maƙale a kunnenta kamar na kafinta.

Ni ta nuna: karanta sakin layi na farko.
Na miƙe. Harafin nan da ke fashewa a leɓe
ya zame mini ya koma na hura wuta.
Dariya ta tashi kamar tantabaru daga rufin kwano.
Ita ba ta yi ba.
Ta yago takarda, ta ce riƙe a gaban bakinka,
in ta zabura, ka faɗa daidai.
Mako biyu ina zaburar da takarda a bayan hostal
har mai shayi ya tambaye ni ko tofi nake koyo.

Sai aikin farko:
shafi uku kan zaizayar ƙasa,
a mayar da su jimla biyar.
Na rubuta sha tara, kar a ce na yi rowa.
Na kwaso manyan kalmomi daga ƙamus,
masu sitaci, irin na fita Juma'a.
Takardar ta dawo kamar an yanka kaza a kanta.
Uku bisa goma.
A ƙasa, tambaya guda: me kake son faɗa?

Da ita na kwana.
Yila yana minshari a gadon sama,
an ɗauke wuta, cajin waya saura tara,
ni da tambayar muna kallon silin.

Hutun tsakiya na koma gida.
Na iske Inna Dudu tana sheƙar gero a bayan danga.
Na kai mata ƙarar malama.
Ta ce to, me takardun suka ce?
Na fara daga farko: damina, gangare, yashi,
ƙididdigar kadada, sunayen masana,
ina yi tana ɗaga ƙwarya sama
iska na kwashe abin da ba shi da nauyi.
Da na tsaya shan iska ta ce,
wato an sare itace, ruwa ya samu ƙofa, yana cin gona.

Matar da ba ta taɓa riƙe biro ba.
Na dubi tabarma: tsaba ce zalla.
Na dubi rigata: duk ƙaiƙayi.

Yanzu a laburare kan labari nake fara dubawa,
yadda Baffa ke duba haƙoran akuya kafin ya taya.
Ina ajiye ƙaramin kati a aljihu.
In na ari maganar wani, ina rubuta sunansa da shekara,
don Malama ta ce bashi ne,
wanda ya ɓoye mai shi kuwa sata ya yi.
Ina tsaga dare gida uku: karatu, bita, barci,
ko da yake barci yakan ci iyaka.

Aiki na biyu ya dawo jiya.
Jan bai kai na da ba, ɗigo-ɗigo ne.
Ta zagaye 'yar kalmar nan mai harafi uku
da nake mantawa a bakin ƙofar suna.
Shida bisa goma.

Na kira gida ta wayar Goggo.
Inna ta ce nawa?
Na ce shida.
Ta yi shiru, ina jin karan tabarya a bayanta.
Ta ce huɗun suna cikin ƙaiƙayi,
koma ka sake sheƙewa.